Guzurin Kaka a Hanyar Sina'i

Wata Laraba ce da hantsi, cikin hutun zafi, a ƙarshen shekarun casa'in. Mu uku ne a ɗan kicin ɗin gidanmu na unguwar Hayyis Sabi'i a Alƙahira: ni, da mahaifiyata mai goyon jariri, da kakata ta wajen uba, tana zaune bisa kujerar roba tana ba da umarnin da ba mai bi. Guzuri muke haɗawa. Washegari za mu hau bas daga Alƙahira, mu ratsa Sina'i zuwa tashar jirgin ruwa, daga can sai Umra.

Neman maganin ciwon suga ne ya kawo Kaka Masar. Mahaifina ɗalibi ne a lokacin, abin da yake samu bai kai na jirgin sama ba. Ita kuwa ta ce tunda Allah Ya kawo ta kusa haka, ba za ta koma gida ba ta ga Ka'aba ba. Likita ya amince bisa sharaɗi guda: ba za ta ci komai a hanya ba sai abin da aka auna mata daga gida. Idan sugan ya hau, tafiya ta ƙare.

Mahaifiyata ba za ta bi mu ba saboda jariri, don haka duk damuwarta ta juye ta cikin kwando. Ta sayi naman raƙumi, wanda ya fi araha, ta dafa, ta daka, ta soya dambu da ɗan mai kaɗan. Gurasar aish mai dusa ta shanya ta a baranda har ta bushe ƙarau, don kada ta yi fumfuna. Ga busasshen zogale da wata 'yar Nijar mai fatauci a kasuwar Ataba ta kawo mata, ga garin ƙuli-ƙuli, ga zoɓo babu sukari a gorar roba. Abin da zai riga lalacewa, wato dafaffen ƙwai da kokwamba, shi ta ɗora a sama. Kowane ci da nasa ƙulli. Gumi na ɗiga daga haɓarta, jariri na kuka a bayanta, ba ta zauna ba sai la'asar.

"Ni za a riƙa auna wa abinci kamar kazar gidan gona?" in ji Kaka.

 Mahaifiyata ta kalle ni ta ce ƙulli ɗaya a kowane ci, kuma kada kwandon ya yi yawo.

Idan ka taɓa ratsa Sina'i da rani, ka san babu abin kallo sai yashi da duwatsu da kwalta mai ƙyalli. Na'urar sanyaya motar ta mutu tun kafin azahar. Mahaifina yana gaba cikin maza, mu muna baya kusa da wata Bamasariya mai 'ya'ya uku. Da lokacin ci ya yi, Kaka ta janye kwandon zuwa cinyarta, ta kwance ƙulli, sai ta ga idanun yaran a kanta. Ba ta jin Larabcin kasuwa ko kaɗan, amma ta miƙa hannu ta ce bismilla. Matar ta ɗanɗana dambun, ta tambayi mene ne wannan, ta miƙa wa ta bayanta. Haka kwandon ya bi layin kujeru, daga hannu zuwa hannu, har ya kai wajen direba.

Misirawa ba sa karɓa su yi shiru. Kafin kwandon ya dawo, an fara turo wa Kaka tukwici: halawa cikin gurasa, basbusa mai ɗigar zuma, shayin da sukarinsa ya kwanta a gindin kofi. Kowa na cewa ya Hajja, ya Hajja. Ta karɓa, ta ci kaɗan daga na kowa. Na kowa kuwa, idan aka tara, ba kaɗan ba ne.

A wurin hutawa mahaifina ya zo ya leƙa kwandon, ya ga ledoji babu komai sai zogale.

"Inna, me kika ci?"

"Abin da mutane suka ci. Na ba su sun karɓa, su ba ni in ce ba na so? A gidan wa aka raine ka?"

 Daga baya ya saya mata ruwa, ya koma kujerarsa.

Da muka isa tashar jirgin, bakinta ya bushe, idonta na ganin hazo, ƙafafunta ba su iya riƙe ta a layin fasfo ba. Aka kai ta ƙaramin asibitin da ke wurin, aka ɗaura mata ruwa. Muna zaune a benci muka ji ƙahon jirgin. Bamasariyar nan ta shigo da gudu kafin su hau, ta sumbaci goshin Kaka, ta ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ta cusa mata sauran basbusa ƙarƙashin matashi. Washegari muka biyo hanyar da muka zo, da zafinta da komai. Mahaifiyata ta buɗe ƙofa ta gan mu. Kwandon ta karɓa ta kai kicin.

Yanzu ni ke haɗa wa 'ya'yana guzuri, kuma kashi biyu nake yi, na ci da na rabo. Na rabon yakan dawo gida yadda ya tafi, domin a motocin yanzu kowa da ledarsa, kowa da waya a kunne, ba mai kallon hannun wani.

Kaka ta koma gida kafin azumin wannan shekarar. Ba ta sake fita ƙasar waje ba har ta rasu. Mahaifina ne ya yi mata Umrar daga baya, ta jirgin sama.