Jifan Tsibiri

A bayan unguwarmu akwai tafki, a tsakiyar tafkin kuma akwai tsibiri. Bai fi gayaunar mace ɗaya girma ba, amma lokacin da aka kawo ni aure daga wajen Shanono ba a ganin ƙasarsa don duhun itatuwa. Kanya da tsamiya da ɗorawa a tsakiya, bagaruwa a gefe. Da damina balbela kan rufe shi fari fat, shamuwa na can ƙoli, kukansu ya hana mutum barcin rana. Na tsani wannan kukan a shekarata ta farko. Yanzu shi nake kasa kunne ko zan ji.

Itatuwan ba haka kawai suka fito ba, matan garin ne suka jefa su.

In ruwa ya zauna, tafki ya raba tsibiri da tudu, ba mai sake taka shi sai an yanke gero. Ko ninkaya ba a yi zuwa can, don tsuntsaye na kan ƙwai. A lokacin ne ake jifa. Duk amaryar da aka kawo a shekarar, tsofaffi kan fito da ita bakin ruwa. A kwaɓa laka da kashin awaki, a cusa kalwa da ƙwallon kanya da 'ya'yan tsamiya, a cura kamar fura, a bari ya sha iska. Sai amarya ta tsaya ta jefa. Kafin nan uwar mijina, wadda ita ce babba a matan unguwa, takan ɗan tsiyaya giya a ƙasa daga ƙoƙo, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin abin da take cewa ba, ban kuma tambaya ba.

Curina na farko a ruwa ya faɗa. Ƙanin mijina, wanda a lokacin kiwon awaki yake, ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"An kawo mana mai hannun tuwo," in ji shi.

Na biyun ya sauka. Bayan wasu shekaru wata kanya ta miƙe ta gabas, na ce tawa ce. Kowace mace tana da tata a can, ko da yake ba wadda ta san ainihin curin da ya tsiro. Ba a musu a kan wannan.

Daga baya gidaje da yawa suka shiga coci, har da namu. Maƙwabtanmu masu makarantar allo dama ba sa zuwa jifa. Ƙanin mijin nan nawa ya girma, ya zama dattijo a coci, wata Lahadi ya tashi ya ce jifan tsibiri tsafi ne, a daina. Ba wadda ta ja da shi, don kowa ya ga ana zuba giyar. Abin da bai lura ba shi ne, da aka daina jifa, hanin taka tsibirin ma ya tafi tare da shi. Mutane sun yi yawa, gona ta haɗe da gona, itacen girki ya yi wuya. Aka fara da sassabe rassa, aka koma sara daga gindi. Masu tubali suka riƙa cin gefen tsibirin da rani. Kanyata ce ta ƙarshe, daga ƙofar gida na ji faɗuwarta ina tankaɗe. Tsuntsaye suka zo damina ɗaya suka yi ta shawagi, daga ita ba su ƙara zuwa ba.

Haka tsibirin ya zauna tsirara har jikana ya auro malamar firamare da ta yi karatu a Bici. Yarinya ce mai son shuka, duk gwangwanin da ta samu sai ta cika shi da ƙasa. Ta kai 'yan ajinta tsibirin da dashe a leda, wasu suka kama, rani na zuwa ruwa ya janye awaki suka haura suka cinye. Ana cikin haka mai unguwa ya ce tunda wurin ba ya amfanin kowa, bayan kaka zai bar wa masu tubali su ƙarasa haƙe shi. In aka haƙe, sai dai a ce an taɓa yin tsibiri a nan.

Wata yamma ta same ni ina gyaran wake.

"Kaka, wai gaskiya ne da jifa kuka yi dajin da ake ba da labari?"

"Wa ya gaya miki?"

"A bakin rijiya na ji. Ki koya mini, in koya wa yara. In kowa ya jefa nasa, ba mai barin akuyar gidansu ta haura."

Na dube ta da kyau, na ga ba wasa take yi ba. Na ce mata laka ba ta da wuya, mai wuyar yana can zaune a ƙarƙashin rumfa. In dattijon nan, ƙanin mijina, ya ce a'a, ba uwar da za ta saki ɗanta.

Da kaina na je. Na same shi yana tufka igiya.

"Matar yaya, yau ke ce da ƙafarki?"

"Na zo in ga ko ka mutu ba a gaya mini ba."

"Ina zan mutu in bar ki ba mai yi miki tsiya?"

Na zauna na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye igiyar.

"Giyar fa?"

"Mai zuba ta ta daɗe a kabari. Ni laka na sani da kalwa."

"Ni na hana abin nan a gaban jama'a. Me za a ce?"

"Giya ka kora, tsuntsaye suka bi ta. Ka leƙa bayan gidanka ka gani."

Ya ɗauki igiyarsa, ni ma na ɗauki sandata.

Da ruwa ya zauna muka fita. Yaran ba su da yawa, iyaye da dama sun tsaya su ga yadda za a ƙare. Malamin makarantar allo ya aiko a tambaye ni me ake karantawa a kan lakar. Na ce ba komai. Ya ce to nasa yaran su yi bisimilla su jefa. Ni da ban taɓa zama a aji ba, ranar ni ce a gaba. Na mayar da curin da ya yi ruwa, na rage wa wanda ya cusa kalwa kamar zai yi daddawa. Na nuna musu inda shamuwa ke sheƙa a da, na gaya musu dalilin da ya sa ba a taka wurin sai an yanke gero. Malama tana maimaita musu a hankali, don ni ba na faɗin magana sau biyu.

Sai ga dattijon yana tafe da sanda. Mata na leƙe daga bayan dangogi, yaran suka ɓoye hannuwansu a baya. Ya tsaya a kan kwanon lakar, ya ɗauki curi ɗaya, ya sansana, ya murza shi a yatsa.

"Kashin awakin ya yi kaɗan," in ji shi. "Inna takan sa fiye da haka." Ya juya ga malama. "Kuma amarya ce ke fara jifa, ba yara ba. Ba a gaya miki ba?"

Ta karɓa da hannu biyu, ta ja da baya, ta jefa. Ya sauka a tsakiyar tsibirin. Kafin yara su gama nasu, matan bayan danga sun fito suna naɗe zane. Aka miƙo mini ɗaya. Na jefa iya ƙarfina, ya faɗa a cikin bado, kusa da ƙafata.

"Har yanzu hannun tuwo," in ji shi.

Da rani ya matso, dattijon da kansa ya sa aka sari ƙaya aka kewaye tsibirin, mai unguwa kuma bai ƙara maganar tubali ba. Yawancin curin bai tsiro ba, dama haka yake tun a da. Balbela ba su dawo ba tukuna, ba su da wurin sauka, kuma ban sa ran zan ga inuwar abin da ya fito ba. Amma akwai 'yar kanya ta gabas, ta kai gwiwar mutum. Malama ta ce tata ce, ta gane wurin da curinta ya sauka. Ni na ga inda ya sauka, ba nan ba ne. Na ce mata ta riƙe abarta, mu ma haka muka sami namu.