Amsar da na ba mahaifiyarta

A shekarata ta biyu ta karatun digiri na uku na yi maƙwabciya a benenmu na unguwar Danau Kota, can ƙasar waje inda nake karatu, 'yar Kolombiya, ita ma ɗaliba. Na koya mata tuƙa tuwo, ta ƙona mini tukunya biyu. Ita kuma ta lashi takobin sai na iya Sifaniyanci. Muna zaune a shagon shayi da abinci da ake kira mamak, sai ta nuna hadari ta ce in faɗa mata ko za a yi ruwa. Quizás, wataƙila. Probablemente, da alama. Seguro, tabbas. Ni kuwa sai in ce Allah ne masani.

"Zaɓi ɗaya mana," in ji ta.

"Baiwar Allah, ni ce mai ruwan?"

Duk taurin kaina na iya su, har nakan gaisa da mahaifiyarta a waya.

Sai zazzaɓin dengi ya kwantar da ita. Kwana uku tana cewa gajiya ce, ina sayo mata ƙunshin abinci tana ture shi. Ran na huɗu aka shigar da ita ɗakin masu tsananin ciwo a wani asibiti kusa da Titiwangsa. Ba ta da kowa a ƙasar sai ni, don haka ni likita ya kira gefe. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce jini na zuba a ciki, kuma da wuya ta tashi.

Ina fitowa wayarta ta yi ƙara a jakata. Mahaifiyar ce. Ta yi magana a hankali yadda zan gane. Za ta warke? In taso?

Wallahi na gane tambayar sarai, kuma duk kalmomin suna bakina. Amma ni Bakanuwa ce. A gidanmu ko mutum na shure-shuren mutuwa, da sauƙi ake cewa. Wace marar tarbiyya ce za ta tsinka wa uwa zuciya ta waya, tana can wata uwa duniya ita kaɗai? A wurinmu mai ji ya san me da sauƙi ke nufi, yakan sa takalmi ya taho. Ban yi tunanin ita ba ta san wannan ba.

Na ce, "Seguro."

Ta yi ajiyar zuciya, ta yi ta sa mini albarka. Ta ce to za ta bari sai an sallame ta, ta zo ta yi jinyarta a gida.

Tafiyar kwana biyu ce daga garinsu. Ƙawata ta ƙara kwana huɗu kafin ta rasu, biyu daga ciki idonta biyu, tana kallon ƙofa. Kullum ina cewa gobe zan kira in gyara maganata, kunya da tsoro suka hana ni. Ba ni da wanda zan ɗora wa laifin nan.

Ni na je tarbar uwar a filin jirgi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, da idanun 'yarta sak. Na zaci za ta mare ni, har na fi son haka. Sai ta riƙe hannuna biyu, ta yi magana a hankali kamar ranar, don kada wata kalma ta wuce ni.

"'Yata, lokacin da na kira ki, akwatina yana bakin ƙofa."