Kafin ya ce "To, amma"

Shekarun baya, lokacin ina ƙaramin malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, mahaifina yana karatu a wani gidan radiyo na garin duk ranar Alhamis da la'asar. Ni nake ɗauko shi a babur daga ƙauyenmu wajen Affala. Ina zama bakin ƙofa ina hura hanci kamar ni ne malamin, alhali iyakar ilimina riƙe masa takalma.

Tsohon yana da wata ɗabi'a da duk ɗalibansa suka sani. Idan zai yi magana kan abin da ake saɓani, sai ya fara kawo hujjar waɗanda bai yarda da su ba, ya gyara ta tsaf har ka rantse tasa ce. Sai ya yi shiru, ya gyara zama, ya ce, "To, amma..." Daga nan nasa bayanin yake farawa. Yakan ce rashin adalci ne ka kayar da maganar mutum ba ka tsayar da ita da ƙafafunta ba.

Ran nan aka tambaye shi hukuncin sadakar arba'in da ake yi wa mamaci. Ya jero duk hujjojin masu cewa bidi'a ce, ya yi shirun nan nasa, sai wuta ta ɗauke. Injin gidan ya ƙi tashi. Muka koma gida muna dariya, a zatonmu mako mai zuwa zai ƙarasa.

Kafin makon ya zagayo, gidan radiyon ya buɗe layi yana tambayar masu saurare ko Malam ya sauya sheƙa. Wayoyi suka yi ta shigowa. Ɓangare ɗaya na kabbara wai tsoho ya gane gaskiya, nasa mutanen na cewa an saye shi. Ƴan kasuwa suka zuba guntun muryar a wayoyi, ta kai har garin Kalfu. Na roƙi mai gabatarwa ya ba shi fili ya ƙarasa shi kaɗai. Ya ce mini shirinsu bai taɓa samun masu kira irin haka ba, sai dai a yi muƙabala.

Aka zaunar da shi da wani matashin malami. Da ya ce "To, amma", layi ya sake cika. Masu yi masa kabbara suka ce tsoro ya sa ya janye, mutanensa suka ce baki biyu gare shi. Daga ranar bai sake shiga radiyo ba.

Abin da ya fi ci masa rai amininsa ne, wanda suka yi karatun allo tare, kuma shi ke ja masa baƙi idan yana tafsiri. Aminin ya daina zuwa zauren da mahaifina ke ba da karatu. Mahaifina ya taka har gidansa, ni ina biye da shi. Mutumin bai ko shimfiɗa mana tabarma ba.

"Da kunnena na jiya," in ji shi. "Ba wani yab ba ni labari ba."

"Ka ji rabi," in ji mahaifina. "Shekara nawa kana zamne kusa gare ni, ba ka san inda nika aje magana ba?"

Mutumin ya ce shi dai abin da radiyo ya faɗa ya sani.

Zauren ya rage daga tsofaffi kaɗan sai ni. Bayan ƴan shekaru mahaifina ya rasu. Ranar arba'in mahaifiyata ta sa aka dafa abinci tukunya-tukunya, muka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Ɓangaren can dama ba sa zuwa irin wannan. Namu kuma suka aiko cewa ai shi da bakinsa ya hana. Da yamma muka rarraba wa maƙwabta abincin, tsohuwar tana naɗe tabarmi.

Gaskiya na yanke ƙauna da gyara wannan magana. Gidan radiyon ma ya rufe tuni, amma muryar tana nan tana yawo. Ko a azumin bana wani ya turo mini ita, bai san ni ɗansa ne ba, ya rubuta a ƙasa: Allah ya jiƙan wannan malami, ya faɗi gaskiya. Na saurara har ƙarshe. Ana jin lokacin da ya gyara zama ya ja numfashi, sai ta yanke.