Igiyar da Fulera Ta Saki a Dajin Romaniya

Tun bayan Babbar Sallah maganar ke yawo a gidajen sunan mutanenmu na nan ƙasar waje, daga unguwar Whalley Range har Salford: wai Fulera Seidu ta kai makauniya tsere dajin Romaniya, da suka yi kiciɓis da dabbar beyar sai ta saki igiya ta yi ta kanta. Hujjarsu hoton ƙarshen tseren ne, inda ba a ga igiya tsakanin su biyun ba. Na tsufa ina koyar da kimiyya, ban taɓa ba ɗalibi maki a kan "an ce" ba. Na ce sai na bincika.

Fulera 'yar Zangon Kumasi ce. Shekara da shekaru council, wato hukumar gari, na biyan ta don ta koya wa waɗanda suka rasa gani riƙe sanda, hawa tram (jirgin ƙasa na cikin gari), da zuba ruwan zafi ba tare da sun ƙone ba. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rufe sashensu, ta koma sharar ofisoshi da sassafe. Tana ajiye tsintsiya sai ta ɗauki 'yar igiyar da take yi wa makafi jagora da ita, ta bi gida-gida tana fito da mutanenta, wannan tattaki, waccan gudu, kyauta. Yanzu kuwa in ta ƙwanƙwasa ƙofa sai a ce, "A bari yau, Baba ba ya jin daɗi." Tsohon da aka hana fita da ita, a ɗakinsa na bene zai ƙare, daga shi sai bango.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, na sami Murja, mai tseren, a gidan yayanta a Selly Oak. Ciwon suga ne ya tafi da idanunta.

"Gwaggo, ke ma gulmar ta kawo ki?"

"Na zo in ji daga bakin wadda aka ce an yar a daji."

Ta ce ita ta nace sai sun je, rabin gudun fanfalaki ne cikin duwatsu. Masu shiryawa sun gargaɗe su: in kun ga beyar kada ku gudu, wanda ya gudu shi take bi. Ku yi magana a hankali, ku ja da baya.

"Igiyar nan ba ja kawai take yi ba, Gwaggo. Ta cikinta nake jin kwana, da dutse, har gajiyar Fulera. Mun wuce rabin hanya, sauran sun yi mana nisa, sai na ji wari kamar na jiƙaƙƙen kare. Na ji numfashi ta hagu, mai nauyi, kusa. Kawai sai igiya ta mutu a hannuna."

Ta murza tafin hannunta a cinya.

"Na ce shi ke nan, ta tafi. Ban san ina ne rami ba, ina ne hanya. Ina jin abin yana taka busasshen ganye. Sai ga muryarta, irin wadda take min a tashar tram: 'Murja, muna da baƙo. Stand still. Yanzu taku ɗaya baya. Good. Ƙara.' Daga nan ta shiga ba ni labarin yadda kakarta ke dafa waake, shinkafa da wake irin ta garinsu. Waake fa, Gwaggo, ni ina kalmar shahada."

"Ta ina muryar ke fitowa?"

"Ta hagu. Daidai inda numfashin yake."

Can suka ji rassa na karyewa, sautin yana nisa. Ba wadda ta koma ɗaukar igiya. Murja ta kama gwiwar hannun Fulera, da haka suka ƙarasa.

Ita Fulera na tare ta a tashar bas a Salford, da rigar aiki. "Mma, ai ba su yi ƙarya ba, na saki," in ji ta. Sai da na matsa ta faɗa mini dalili, tana kallon ƙasa.

Fulera, ke ce idon waɗanda hukuma ta share daga lissafinta. Ke ce kika ji ana ɓata ki a gidajen da kika yi wa hidima, washegari kika sake ƙwanƙwasa musu ƙofa. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Ku kuma masu ƙafa da ido, ku je ta koya muku riƙe igiyar nan, ku buɗe wa tsofaffinku ƙofa in ta zo.

Ga abin da ya faru. Da Fulera ta ga beyar, hannunta ya kama rawa. Ta san rawar za ta bi igiya ta isa hannun Murja, Murja kuma ta zura da gudu. Sai ta saki igiyar, ta shiga tsakanin Murja da dabbar, ta tsaya a wurin har dabbar ta tafi.