Malam Nagoggo da Waƙar da Bai Rubuta Ba

Sunansa na yanka Khalilu, amma a Gwandu da wuya ka ji mai kiransa da shi. Sunan kakansa aka mayar masa, mutanen gida kuwa ba su faɗinsa saboda kunya. Uwarsa ta rasu tun bai yi wayo ba, sai yayar ubansa, Goggo Rahamatu, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta ɗauke shi. Duk inda ta sa ƙafa yana riƙe da gefen zanenta, har aka laƙaba masa Nagoggo. Sunan ya bi shi makarantar allo, ya bi shi elemantare, ya bi shi Midil a Sakkwato. Da ya gama horon malanta aka tura shi Kalgo a shekarar 1952, can ma Malam Nagoggo ya zama.

Dogo ne siriri, mai saurin tafiya da saurin magana, aljihun rigarsa kullum fari fat da alli. Yana da abu guda da ya sa a ransa, wanda ba ya cikin tsarin karatun da aka ba shi: so yake yara su iya rubuta abin da suka gani da idonsu, ba kwafe abin da ke kan allon bango kaɗai ba. Takarda ba ta wadata a lokacin, don haka yakan sa reza ya raba littafin rubutu gida biyu, kowane yaro ya sami rabi. Ya sa masa suna littafin kullum. Da safe, kafin a shiga lissafi, kowa zai rubuta abin da ya faru jiya.

Da farko abin dariya ya zama. Wani yaro, Sambo ɗan masunta, ya yi mako yana rubuta magana ɗaya: na tashi, na sha kunu, na zo makaranta. Malam ya ɗaga littafin ya ce, "Sambo, akuyar gidanku ma ta tashi, ta ci, ta fita. Mi ka gani wanda ita ba ta gani ba?" Aji ya fashe da dariya. Washegari yaron ya zo da labarin yadda kwalekwalen kawunsa ya huje a tsakiyar fadama, da abin da aka toshe shi da shi, da irin zagin da kawun ya yi. Malam ya goge zagin ya karanta sauran a gaban aji.

Daga nan ya ƙara musu mataki. Ya fara aika su wurin tsofaffi su yi tambaya: me ya sa ake kiran fadama kaza da sunan da ake kiranta, irin shinkafa nawa ake shukawa a da, wace shekara ruwa ya ci gari. Ya kafa musu doka mai tsauri. Kowace magana sai an rubuta wanda ya faɗe ta, da lokacin da abin ya faru, da inda shi mai faɗin ya samo ta. Yakan ce, "Magana ba mai ita, ƙanwar ƙarya ce." Iyaye sun ɗan yi gunaguni, wasu na zargin ƙidayar haraji ce aka ɓullo mata ta bayan gida. Malam Usman, hedimasta, ya bi dattawa ya kwantar musu da hankali. Kafin shekara ta zagayo, tsofaffin Kalgo har jiran yaran suke yi a ƙofar gida, don an daɗe ba a tambaye su kome ba.

Labari ya kai Gwandu. Da ya je hutu, Goggo Rahamatu ta dube shi ta ce, "Na ji kana aika ɗiyan mutane su tono abin da ke cikin kakanninsu. Ni tsohuwar gidanku ba ni da ciki ne?"

Ta san abin da take faɗi. Ita ce mai koya wa matan unguwa karatu a tsakar gida, kuma ita kaɗai ta rage da ta haddace wata doguwar waƙa da kakarta ta tsara, rabi da Hausa rabi da Fulatanci, a kan shekarar yunwar da ta koro gidansu zuwa Gwandu: wanda ya mutu a hanya, wanda ya ba su masauki, wanda ya haƙa rijiyar da har yanzu suke sha. An taɓa rubuta waƙar da ajami, gobara ta cinye takardun tun Nagoggo yana yaro. Shi kansa da waƙar aka yi masa reno, amma abin da ya riƙe bai wuce amshi ba.

Ya ce zai zo da shiri. Hutun farko bai zo da shi ba, na biyu ma haka. Sai bayan kaka ta 1954 ya sayi sabon littafi, ya ja layi a kowane shafi, gefe guda na magana, gefe guda na shekara da sunan mai faɗi. Da hantsi ya same ta a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya shimfiɗa buzu, ya buɗe tawada.

Ta murza mazari ta fara. Ba da waƙar ta fara ba, da labarinta ta fara, don ta ce ba a shiga gida sai ta zaure. "Shekarar da anka yi fara, wadda ta rufe rana..."

"Wace shekara ke nan, Goggo? Kafin zuwan Nasara ko bayansa?"

"Uwata tana goye lokacin."

"To ita a wace shekara anka haife ta?"

Ta ɗan dube shi, ta ci gaba. Ta yi nisa a zancen tafiya, ta ratse ta shiga labarin wata saniya mai karyayyen ƙaho, daga nan ta faɗa zancen auren wata ƙanwar kakarta. Alƙalaminsa ya tsaya, bai san gefen da zai sa saniya ba. Ya ce ta dawo kan hanya. Ta dawo. Da ta zo kan rijiya ta ce Abu ne ya haƙa ta.

"Ɗazu kin ce Ɗanjuma."

"Ɗanjuma ya fara."

"Ba haka kinka ce ba. Kuma wa ya faɗa miki? Kin ji daga bakin kaka, ko wani ya ba ki labari?"

Ta ajiye mazarin a kan tabarma. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Nagoggo, gaban alƙali nike? Ni na wanke maka kashi, yau kai ka tambaya ta shaida." Sannan ta ce, "Tashi ka sha furarka, ta yi tsami."

Ya ba da haƙuri, amma haƙurin baki ne. A ransa cewa yake rigimar tsufa ce, kwana biyu za ta wuce, kuma ai shi ne kan daidai, labari ba shekara ba ya amfanar kowa. Abin da ya rubuta bai cika shafi biyu ba. Washegari da zai hau kekensa ta fito da ƙullin ƙuli-ƙuli da albasa ta ɗaura masa a baya, ba alamar fushi a fuskarta. Ta ce, "Ran da ka zo da kunne, sai in ba ka. Tana nan, ba ta zuwa ko'ina."

Ya yi niyyar komawa da rani. Sai aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a Wurogauri, aka nemi malami mai ƙwazo, aka ba shi. Ya ji daɗin aikin ƙwarai. Magidanta masu furfura suna rubuta sunansu a karon farko, ana yabonsa har Birnin Kebbi. Gwandu kuwa tafiyar yini ce a keke, in hanya ta yi kyau. Ya aika da goro da turmin atamfa, ya ce a gaya mata yana tafe.

Damina ta yi tsakiya lokacin da wani ɗan kasuwa mai fataucin albasa ya tsaya a ƙofar makaranta ya ce ana nemansa a gida, Goggo ta faɗi wajen alwala. Hanya duk laka, rabin tafiyar shi ya ɗauki keken maimakon keken ya ɗauke shi. Ya same ta kwance, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Ta gane shi. Ta buɗe baki za ta kira sunansa, sai wani sauti ya fito wanda ba kalma ba. An yi rubutu an yi turare, an kawo mai magani daga nesa. Ta samu ta iya zama in an jingina ta, amma magana ba ta dawo ba.

Ta yi kusan shekara ɗaya da rabi a haka. Yanzu ba hutun da yake wuce shi. Yakan zauna kusa da ita ya yi ta ba ta labarin Kalgo, ita kuma ta riƙe wuyan hannunsa da hannunta mai lafiya. Wani lokaci takan yi ƙugi a maƙogwaro, muryar waƙar ce sarai, hawa da saukarta duk suna nan, kalmomin ne babu. Ran nan ya ɗauko littafin ya karanta mata ɗan abin da ya rubuta. Ta lumshe ido tana saurare. Da ya kai wani wuri ta buɗe ido ta girgiza kai da ƙarfi. Ya sake karantawa, ta sake girgizawa. Ya yi ta cankowa, sunan ne ba daidai ba, ko garin, ko jerin maganar? Duk wanda ya ambata sai ta girgiza kai, har ta gaji hawaye ya zubo mata. Ya rufe littafin. Har ya bar duniya bai san kuskuren da ke wurin ba.

A aji yara sun ga Malam ya sauya, ba su san dalili ba. Saurin maganarsa ya ragu. Bai janye dokarsa ba, har yanzu sai an rubuta mai faɗi da lokaci, amma ya sa wata a gabanta. Ya ce in an je wurin tsoho a soke fensir a kunne, kada a taɓa shi sai tsohon ya kai ƙarshe don kansa. In ya ratse a bi shi, wataƙila abin da ake nema yana cikin ratsen. Tambaya sai an dawo zama na biyu. Wata yarinya, Delu, ɗaya daga 'yan mata ƙalilan da ke ajin, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in ya faɗi magana biyu masu karo da juna fa?"

Ya ce, "Rubuta duka biyun, ki sa sunansa a ƙasa. Ki yi masa godiya ki taho."

Goggo Rahamatu ta rasu a farkon 1957. Matan da ta koyar suka cika gidan kwana da kwanaki. Shi ba ya iya shiga cikinsu, sai ya roƙi matarsa Ruƙayyatu, wadda shi ya koya mata boko, ta zauna da su bayan sadakar bakwai ta ji ko akwai mai waƙar. Ta yi ta bin gidaje. Wannan ta riƙe baiti biyu, waccan uku, kusan duk daga farkon waƙar, don shi aka fi maimaitawa. Tsakiyar, inda sunayen mutane suke, ba mai shi. A ƙarshe wata ta ce akwai Inna Maimuna a Dodoru, tare suka tashi da marigayiya, in akwai mai sauran to ita ce.

Ya je Dodoru. Ya sami tsohuwar da ranta da hankalinta, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta yi kuka da jin rasuwar, sannan ta ce ɓangaren Hausa ya daɗe da zube mata, na Fulatanci ne ya zauna, shi ma da giɓi. Ta rera masa. Ya kasa kunne har ta gama, bai katse ta ba. A nan ya gane wata asarar da bai lissafa ba: Fulatancin da ya ji a bayan Goggo ya tsere masa a shekarun makaranta, abin da ya rage gaisuwa ce da sunayen abinci. Ya roƙe ta ta maimaita a hankali, ya rubuta sautin yadda kunnensa ya ɗauka. Da ya nemi fassara ta ce tsohon harshe ne, wasu kalmomin ita ma haddacewa kawai ta yi, Rahamatu ce mai ma'ana.

Ya kai rubutun wa malamai biyu a Gwandu masu jin Fulatanci. Sun fitar masa da abin da suka iya, suka ce sauran ko dai shi ya ji ba daidai ba ko tsohuwar ta gauraya. Bai yi musu ba.

Ya ci gaba da koyarwa a Kalgo. An yi masa tayin hedimasta a wani gari ya ce a bar shi da ajinsa. Yaran da suka bi ta hannunsa sun bazu, wasu malaman gona, wasu malaman asibiti, wasu sun koma su da noma, kuma an san su da iya rubuta rahoto mai tsabta. Delu ta zama malama. Ita ce take ba da labarin cewa a shekararsu ta ƙarshe ta kawo masa aikin da ta yi a kan kakarta, shafi da yawa, har da labarin wani jaki da bai shafi kome ba. Ya karanta a tsaye, ya tambaye ta ko tsohuwar tana da lafiya. Ta ce lafiyarta ƙalau. Ya ce, "To koma yau, kada ki bari sai hutu." Ya ba ta littafi cikakke wanda bai raba biyu ba, ya sallame ta tun kafin a kaɗa ƙararrawar tashi.