Ajin da Ke Jikin Katangar Masu Walda

Allah ne Ya ba mu aron rai, kuma gare Shi kowa zai mayar. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina kan tsani a shagona ina sauko da kwalin ƙwan fitila, sai ga kiran ƙanwata. Ita shugabar makaranta ce, ba ta taɓa waya a lokacin aiki, don haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba. Ta ce, "Yaya, Baba Sufeto ya rasu." Na sauko ba tare da kwalin ba, na zauna a ƙasa.

Baba, na san za a yi mamakin ganin mai sayar da kayan lantarki yana rubuta maka ta'aziyya, alhali ga masu digiri nan da suka ci moriyarka. Ni karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Amma ina da hakki a cikin wannan rashi, domin shekara bakwai muka yi ni da kai muna ja-in-ja a kan mutum ɗaya.

Ga wanda bai san ka ba: kai sufeton makarantu ne, ka yi ritaya, aka ce ka je ka huta, ka ƙi. Ka ɗauki jakarka ka shiga bin shugabannin makarantu ɗaya bayan ɗaya. Kullum maganarka ita ce, ana ɗauko malami daga aji rana tsaka, a danƙa masa makulli da hatimi a ce ya zama shugaba, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake riƙe mutane.

Haka aka yi wa ƙanwata. Shekararta ta farko malamai biyar suka ajiye aiki. Ɗaya daga cikinsu, gaskiya ɗaya ce, shagona ya faɗo. Shi ne malamin kimiyya. Ya zo sayen wayar lantarki wata rana, na ji yadda yake yi wa wani mai saye bayanin abin da ke kashe batir, har mutumin ya manta da neman ragi. Na ce a raina, wannan bakin bai dace da ƙurar alli ba. Na yi wa Malam tayin aiki a shagona, ya karɓa. Ƙanwata ta yi wata biyu ba ta gaishe ni ba. Ranar da ta zo kuwa, da takardar barin aiki a jakarta ta zo, wai in duba mata ko akwai ɗan shago a layinmu.

A makon ne ka isa makarantarta. Ba ka nemi ofis ba. Kwana uku ka yi a bencin baya, gwiwoyinka suna tokarar tebur, yara suna leƙenka. Rana ta huɗu ka ce a kawo maka jadawalin darussa na shekara huɗu, ka shimfiɗa su a ƙasa, ka durƙusa kana bi da yatsa. Sai ga abin ya fito fili. Duk malamin da ya tafi, ajin ƙarshen gini aka ba shi, wanda bangonsa ke jingine da katangar masu walda. Tsofaffin malamai su ke fara zaɓe, sabon zuwa ya kwashi abin da ya rage. Mutum ya wuni yana ihu a kan injin yankan ƙarfe, kafin zangon karatu ya ƙare muryarsa ta tafi, shi ma ya bi ta.

Ƙanwata ta ce, "Baba, ai haka na tarar ana yi." Ka miƙa mata biro ka ce, "To, 'yata, goge sunan da ke wurin, ki sa naki."

Ta sa. Cikin kwana biyar muryarta ta dushe, sai da nuni take magana a gida. Mijinta har yau yana cewa bai taɓa samun mako mai daɗi a aurensa kamar wannan ba. Amma malamai sun ga shugabarsu tana fitowa daga ajin nan da gumi, alli har a mayafinta, kuma daga ranar kallon da suke yi mata ya canza. Takardar nan ta jaka ba ta sake fitowa ba.

Sannan ka zo wurina. Ka tsaya a bakin shago ka ce, "Kai ne ɓarawon malamai?" Na ce, "Haba Baba, ban sata ba, a bakin ƙofa na tsince shi." Ka ce, "Madalla. To mai kaya yana cigiya." Ka sayi batir biyu na rediyo, ka ja kujerata ka zauna awa biyu, ka tare mini ƙofa, kana tambayar Malam abin da ya kore shi. Ni na ɗauka zai ce albashi. Ya ambaci albashin, amma ya fi daɗewa a kan wani abu. Ya ce shekara biyu yana koyarwa ba wanda ya taɓa leƙa ajinsa ya ce sannu. Ya ce sau shida yana rubuta takarda a saya masa waya da ƙwan fitila don ya nuna wa yara yadda wuta ke tafiya, ba a ko amsa ba.

Kafin ka tashi sai da ka sa ni aiki. Ka ce tunda masu walda a wurina suke sayen kaya, kuma an ce na iya baki, in je in yi maka ciniki da su. Na je. Muka sha fama, a ƙarshe babbansu ya yarda su riƙa awo da fenti da safe, su bar yanka da guduma sai an tashi yara. Ni da ba na ɗaga tsinke kyauta, ka aike ni na dawo ina murna, ban ma lura ba sai daga baya.

Kowace Asabar ta ƙarshen wata kana tara shugabannin makarantu goma sha biyu. Ba ku zama a ofis. Ajin da ya fi muni a makarantar mai masauki, nan kuke zama, a bencin yara, don kowa ya ji a jikinsa. Kowa kuma ya zo da labarin malaminsa da ya fara kallon ƙofa, a haɗu a yi shawara tun bai rubuta takarda ba. Ƙanwata ta ce a nan ta koyi shiga ajin malami ba tare da ta kunyata shi gaban yara ba. Ba ka taɓa yi musu alkawarin ƙarya ba. Kana cewa albashi ba a hannunsu yake ba, amma jadawali da gaisuwa suna hannunsu. Wasu malaman duk da haka sun tafi. Sai dai a makarantar ƙanwata, shekara huɗu ke nan ba wanda ya ajiye aiki.

Gurbi ɗaya ne ya ƙi cikuwa, na kimiyya. 'Yan ajin ƙarshe suna da jarrabawa a gabansu, malamin lissafi ne ke ɗan lallaɓa su. Kai kuwa kowane wata sai ka zo sayen batir biyu, ka ce, "Malam, ajinka yana nan." Shi ya yi dariya, ni in ƙara masa wani abu a ranar don kada zuciyarsa ta karkata.

Zuwanka na ƙarshe, mako uku kafin rasuwarka, ka rame, kana dogara sanda. Ka fito da wani ɗan katako da yara suka ɗaura wa waya da ƙwan fitila, ya ƙi kamawa. Ka ce ba wanda ya gano matsalar. Malam ya gyara cikin minti ɗaya, sannan ya yi rabin awa yana zana maka a bayan kwali yadda ya kamata a nuna wa yara su gano da kansu. Masu saye uku suka gaji suka tafi, bai ko ɗago ba. Ka dube ni ka yi murmushi. Ni ɗan kasuwa ne, Baba, na san lokacin da ciniki ya kuɓuce mini.

Ranar Litinin bayan an kai ka makwancinka, Malam ya ajiye makullin shago a kan kanta. Ya ce, "Maigida, ka yafe ni, zan koma." Bakina ya buɗe zai fara ciniki don sabo, na rufe shi. Na hau tsani na sauko da kwalin nan da na bari ranar da ka rasu, na haɗa da naɗin waya da batura, na ce ya kai wa yara.

Da ya je, ya roƙi ƙanwata ta ba shi ajin masu walda, wai ya rama guduwar da ya yi. Ta ce, "A'a, Malam, wannan nawa ne. Zaɓi wani." Asabar ɗin ƙarshen wata kuma shugabannin nan sun taru kamar kullum, ba wanda ya yi fashi, kuma ita suka zaɓa ta je ta zauna a bencin baya a makarantar wani sabon shugaba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalinka, da 'ya'yanka da jikokinka, da shugabannin nan goma sha biyu, da duk malamin da ya fasa tafiya saboda kai. Allah Ya jiƙanka, Baba Sufeto, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane yaro da ya samu malami ta dalilinka ya zama shaida a gare ka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata tamu in ta zo. Ka raba ni da mafi kyawun ma'aikacin da na taɓa samu, kuma Allah Ya sani, na yafe da zuciya ɗaya.