Kaka Ta Fizge Hulata a Fakku

Jama'a, yau sanƙona ya ga rana!

Tun ranar da idona ya sauka kan Balkisu, tauraruwar zuciyata, ban taɓa cire hula a gabanta ba. Na dage da shan ƙwayoyin tsiro da gashi da na saya a kasuwar Tambuwal. Mai maganin ya rantse kafin biki sai na nemi mataji.

To, yau na tafi Fakku gaida iyayenta. Ina durƙusawa, kakarta ta taso da wasan jika: "Angona, ba ni wagga hula in gani!" Caraf ta fizge!

Wayyo! Kaina sai ƙyalli yake kamar sabon kwanon sha. Kaka ta ce, "Kai, mun samu madubi kyauta!" Gida ya kaure da dariya.

Na ce shi ke nan, na rasa Balkisu. Sai ta leƙo tana murmushi: "Malam Sani, mi kaka ɓoyo? Duk sadda kaka alwala ƙofar gidanmu, ina ganin shafar kanka ta kafar ƙyaure. Hakanan nika son ka."

Ƙwayoyin nan ba sa aiki, ku ji daga bakina. Hular ma na bar wa Kaka!